Yadda Kwamitin Gari Zai Nemo Bayanan Wutar Lantarki, Ya Kuma Yi Aiki da Su

Daga Gaya zuwa Jahun, daga Ƙaraye zuwa Kafin Hausa, rigimar wuta a karkara kusan iri ɗaya ce. Taransifoma ta ƙone tun kafin faɗuwar damina, an yi karo-karo har sau biyu, ba a san inda aka kwana ba. Ko wutar ta leƙo ƙarfe ɗayan dare ta tafi kafin kiran assalatu, amma ƙarshen wata bil ya zo cif. Ko a ji a rediyo an saka wa gari aikin wuta a kasafin kuɗi, shekara ta zagayo ba a ga ko falwaya ɗaya ba. In aka tashi zuwa ofis, baki kawai ake kaiwa, shi kuwa ma'aikaci takarda yake kallo. Shi ya sa ake dawowa da "za mu duba".

Yawancin bayanan da gari ke buƙata suna nan a rubuce. Wasu suna intanet kyauta, wasu suna cikin fayil ɗin ofis, kuma doka ta ce a ba duk wanda ya nema. Abu na farko shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. KEDCO ke raba wuta a Kano da Jigawa da Katsina tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamba 2013. NERC ce ke yanka farashi da sa ido a kan kamfanonin. TCN ke da manyan layukan da ke kawo wutar, irin wanda ke sauka a tashar Kumbotso. REA ke aikin wutar karkara na gwamnatin tarayya, jihohi kuma suna da nasu hukumomin wutar karkara. NEMSA ke duba ingancin aiki kafin a jona shi. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin sa ido, Enugu da Legas da wasu sun riga sun karɓa, don haka kafin a kai ƙara a tambaya wa ke riƙe da alƙalancin wuta a jihar a lokacin.

Mutum uku sun isa aikin: ɗaya mai karanta Turanci da ke da babbar waya, ɗaya mai zaman wuri guda duk yini, kamar tela ko mai cajin waya, sai dattijo wanda in ya yi magana a gaban dagaci za a saurara. Kayan aiki kuwa littafi mai taurin bango, biro, da fayil na roba don ajiye takardu.

Ku fara da sunan fida

Kowace taransifoma tana shan wuta daga wani layi mai suna, wanda ma'aikata ke kira fida. A karkara yawanci doguwar fida ce ta 33kV da ta ratsa garuruwa da dama. Duk wani lissafi na kamfani da na NERC da sunan fida ake yinsa, ba da sunan gari ba. Wanda bai san fidarsa ba, ko an shimfiɗa masa takardun a gabansa ba zai gane layinsa ba.

A duba takardar bil ko rasit ɗin kati. Sau da yawa akwai sunan fida, sunan taransifoma, lambar asusu da ajin farashi. In babu, a tambayi mai raba bil: "Malam, wace fida muke kai, kuma wane rukuni?" A rubuta sunan daidai yadda suke rubuta shi da harufan Turanci, domin da haka za a neme shi daga baya.

Tun 2020 aka kasa fidoji rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawari a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Farashin yunit yana bin rukunin. A Afrilun 2024 an ɗaga na rukunin A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage, sauran rukunan kuma gwamnati ta ci gaba da biya musu tallafi. NERC na wallafa umarnin farashi na kowane kamfani a shafinta, da teburin kuɗin yunit na kowane rukuni. A cikin teburin akwai wani layi da mutanen ƙauye ba su cika sani ba: ajin masu ƙaramin ƙarfi da ba sa wuce yunit 50 a wata, wanda aka daɗe ana sayar wa yunit a naira 4. Gidan da ke da ƙwan fitila uku da fanka ɗaya ya kamata ya tambayi ajin da aka saka shi.

Littafin wuta

Wannan shi ne jigon aikin, kuma shi aka fi rainawa. A ja layi shida a kowane shafi: kwanan wata, lokacin da aka kawo, lokacin da aka ɗauke, jimillar awanni, ƙarfin wutar, sai layi na ƙarshe da za a rubuta ko garin maƙwabta da ke kan fida ɗaya da ku yana da wuta a lokacin.

Layin nan na ƙarshe shi ke raba gardama. Kamfani yana auna awanni ne daga mitar da ke bakin fida, can tashar da ta taso. Fida na iya yin awa goma da wuta alhali ku ba ku ga ko ƙyalli ba, saboda fis ɗin taransifomarku ya faɗo, ko waya ta tsinke a reshenku, ko an cire reshen don a rage wa layin nauyi. In kuka ce ba a ba fida wuta ba, za a fito muku da alƙaluma a ƙaryata ku. In kuka ce ranar kaza da kaza garin gabas yana da wuta mu babu, kun nuna inda ciwon yake. Kira ɗaya a waya ga wani mai shago a can ya wadatar.

Matsalar littafin ita ce dare. Ba wanda zai kwana yana gadin ƙwan fitila. Maganinta ƙaramar mitar ƙirga awa, irin wadda ake sa wa janareto da injuna. Masu sayar da kayan wuta suna da ita. Mai gyaran wuta ya jona ta a soket guda a gidan da ba a haɗa janareto ko sola a layinsa ba, in ba haka ba za ta ƙirga har da nasu. Ba ta motsi sai akwai wuta. Kullum da safe a lokaci guda a karanta lambar, a rubuta, a ɗauke ta hoto. Lambar yau a cire ta jiya, an sami awannin. Ƙarfin wuta kuma, sitabilaiza mai nuna lamba ta isa. Ya kamata ya tsaya kusa da 230. In yana yawo a 140 ko 150, wutar da ba ta tada firji balle injin niƙa, a rubuta haka nan.

Ƙarshen wata a tara a raba da yawan kwanaki. A ce an sami awa 96 cikin kwana 30, ya kama awa 3 da minti 12 a rana, ko rukunin E bai cika ba. In takardar bil ta ce kuna rukunin C, kun sami abin magana. Kada a tafi da lissafin mako guda. Wata uku a jere, babu tsallake, da sa hannun mai rubutu da na mai unguwa a ƙarshen kowane wata, shi ke da nauyi. Kada kuma a rage awanni don a ƙara wa ƙorafi gishiri. Rana ɗaya da aka kama ƙarya ta zubar da mutuncin littafin duka.

Bil ɗin ƙiyasi yana da iyaka

Tun Fabrairun 2020 NERC ta kafa iyaka ga yawan yunit da za a ɗora wa marar mita. Wata-wata tana fitar da takardar kowane kamfani a shafinta, da sunan "Monthly Energy Caps". A sauke ta KEDCO ta watan da ake magana a kai, a buɗe, a sa sunan fida a wurin bincike. Lambar da ke gaban sunan ita ce iyakar yunit, kuma daga matsakaicin abin da masu mita ke sha a layin ake fitar da ita.

Lissafin ba wuya. Yunit ɗin iyaka sau farashin rukuninku, sannan a ƙara harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Misali kawai: a ce iyaka yunit 80 ce, farashi naira 40. Ya zama 3,200, haraji 240, jimilla naira 3,440. Abin da ya haura wannan a cajin watan ya saɓa umarni. A kula, a takardar bil cajin wata daban, tsohon bashi daban. Mutane da yawa jimillar ƙasa suke kallo su ɗora hannu a ka, alhali rabinta bashi ne na shekaru, wani ma na wanda ya bar gidan tuntuni. Kowanne da ƙorafinsa.

Wannan ba doka ce ta jeka-na-yi-ka ba. A Fabrairun 2024 NERC ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya sama da naira biliyan 10 saboda wuce iyakar a watanni tara na farkon 2023, ta kuma umarce su su mayar wa mutane rarar a asusunsu. Ya kamata mai tsohon asusu ya duba ko ta shigo masa.

Inda ake kawo wa gari bil guda a ce a raba, akwai wani gwaji da kowa zai iya. A karanta farantin da ke jikin taransifoma, daga wajen shinge, ta hanyar jawo hoto da waya. Kada kowa ya shiga, kada kowa ya taɓa, ko an ce babu wuta. Farantin zai nuna girmanta, a ce 300kVA. Ko an ɗora mata kaya har wuya, abin da za ta bayar bai wuce kilowat 240 zuwa 300 ba. In littafinku ya nuna awa 96 a watan, iyakar abin da zai iya ratsa ta yunit 28,800 ne, wato 300 sau 96. Taransifomar ƙauye kuwa ba ta cika yin aiki a cike dare da rana ba. In jimillar yunit da aka caji garin ta kusa wannan ko ta haura, lissafin bai hau ba. A nemi a nuna karatun mitar da ke kan taransifomar, na farkon wata da na ƙarshe. In babu mita, a nemi a sa.

Ƙorafin bil ana fara kai shi a rubuce ga sashen karɓar ƙorafi na kamfani, a karɓi lambar shaida. Suna da kwanakin aiki 15. In ba a warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, akwai a Kano, akwai a Dutse, kuma ba a biyan ko kwabo. Kafin a yanke hukunci, marar mita yana da damar ya ci gaba da biyan daidai bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba. Kada gari ya yi zuciya ya daina biya gaba ɗaya, don nan ne ake samun hujjar yanke shi.

Aikin da aka ce an saka a kasafi

Ayyukan wutar karkara ta hanya uku suke zuwa: kasafin tarayya, kasafin jiha, ko aikin mazaɓa na 'yan majalisa. Kasafin tarayya yana shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, na Kano da na Jigawa kuma suna shafukan gwamnatocin jihohin. Manyan takardu ne masu ɗaruruwan shafuka, gara a sauke su a shagon kwamfuta in an shiga Dutse ko Wudil ko Haɗeja, a tura wa waya.

Nema yana da dabara. Takardun ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma mai buga su sau da yawa bai taɓa jin sunan garin ba. A gwada sunan da harufa marasa lanƙwasa, a gwada shi haɗe, a gwada shi rabe, a gwada rabinsa. In bai fito ba a nemi sunan ƙaramar hukuma ko na mazaɓa tare da kalmar "transformer" ko "electrification" ko "solar". Kada a tsaya a ma'aikatar wuta da REA kawai. Ana cusa aikin taransifoma da fitilun sola a ƙarƙashin hukumar raya kogi, ko kwalejin noma, ko wata cibiyar bincike da ke can wata jiha, wadda ba ruwanta da wuta. In an samu, a kwafe abu huɗu: lambar aikin, wadda a kasafin tarayya kan fara da ERGP ko ZIP, sunan aikin harafi da harafi, kuɗin, da hukumar da aka ɗora wa.

Shiga kasafi ba shi ne sakin kuɗi ba. Wannan ya sa ake zargin mutane da cin kuɗin da ba su fito ba, kuma ya sa wasu ke ɓuya bayan "ba a saki kuɗi ba" alhali an saka. Don gane gaskiya, akwai shafin baitulmalin tarayya na Open Treasury da aka buɗe a Disamba 2019, inda ake sa biyan kuɗin hukumomi daga naira miliyan 5 zuwa sama, da Govspend na ƙungiyar BudgIT da ke sauƙaƙa bincike a cikinsu. In sunan ɗan kwangila ya fito, a duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Sau da yawa kuma kayan sun zo, amma ba wuta. Taransifoma tana zaune a ƙofar gidan dagaci shekara biyu, awaki na shan inuwarta. Dalilan sanannu ne. Wani lokaci ta 11kV aka kawo alhali layin da ya ratsa garin na 33kV ne, ba za ta taɓa hawa ba, farantinta zai nuna. Wani lokaci kwangilar saye ce kawai, babu dasawa, babu falwayoyi, babu wayar cikin gari, kuma sunan aikin a kasafi shi zai faɗa: kawowa kaɗai aka rubuta, ko kawowa da dasawa. Wani lokaci an dasa ba a sa kamfanin wuta a ciki ba tun farko, ko NEMSA ba ta duba ta ba da takardar shaida ba, kamfani kuwa ba zai jona aikin da ba shi da ita ba. Kowane dalili da takardar da ke tona shi, kuma ita za a nema.

Kafin a sake yin karo-karo, a sani NERC ta sha faɗa cewa sayen taransifoma da falwaya da waya ba alhakin masu shan wuta ba ne. In gari ya gaji da jira ya ga gara ya saya, to a yi yarjejeniya a rubuce da kamfani tun kafin a fitar da kuɗi, a fayyace yadda za a mayar, ko da ta hanyar rage bil. Kayan da aka jona a layi sun shiga hannun kamfani. Ba takarda, sun zama kyauta.

Wasiƙar neman bayani

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun da ke hannun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba. An daɗe ana jayayya ko ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, kuma in ya nema da baki, wajibi ne jami'i ya rubuta masa ya ba shi kwafi. Duk da haka, ku je da taku a rubuce.

A rubuta da Turanci don kada a fake da fassara, amma a karanta wa kwamiti ma'anarta da Hausa kafin a sa hannu. A aika wa shugaban hukuma. A sama a rubuta cewa nema ne a ƙarƙashin dokar ta 2011. Mutum ɗaya ko biyu su sa hannu da sunansu da adireshi da lambar waya, domin in magana ta kai kotu, ana iya ƙalubalantar kwamitin da ba shi da rajista in ya shigar da ƙara da sunansa. Gangar jikinta kamar haka:

"Game da aikin kawowa da dasa taransifoma mai 300kVA a garin kaza, ƙaramar hukumar kaza, mai lamba kaza a kasafin shekara kaza, ina neman kwafin waɗannan: takardar ba da kwangila mai ɗauke da sunan kamfani da kuɗi da wa'adi, jadawalin kayan aiki da adadinsu, ranaku da adadin kuɗin da aka biya, takardar shaidar kammala aiki, takardar binciken NEMSA da ta miƙa aikin ga kamfanin rarraba wuta. A shirye nake in biya kuɗin fotokwafi."

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan wasiƙa shi ne tambayar "me ya sa". Me ya sa aka yi watsi da mu, me ya sa ba a gama ba. Doka takarda ta ce a bayar, ba ta tilasta wa kowa ba da hanzari ba. Ku nemi abin da ke cikin fayil, ku ambaci shekara da lamba. Na biyu, tara buƙatu ashirin a wasiƙa guda, wanda ke ba su hujjar ƙarin lokaci. Biyar sun isa. Na uku, zagi da zargi. Wasiƙar da ta fara da kiran mutane ɓarayi ofishin lauya take wucewa. Jadawalin kayan aiki kuwa kada a bar shi, don shi ne za a riƙe a bi gari ana ƙirga falwaya: an rubuta 40, a ƙasa 22.

A kai kwafi biyu. A miƙa ɗaya a wurin karɓar wasiƙu, ɗayan a sa a buga masa hatimi da kwanan wata da sa hannu. In ma'aikaci ya ce a ajiye kawai, a ce, "Yallaɓai, a taimaka a buga mana a namu, dattawa za mu kai wa." Ba hatimi, ba a fara ƙirga kwana ba. In ofishin yana Abuja, a aika ta kamfanin kai saƙo a adana rasit da shaidar isarwa.

Kamfanin rarraba wuta yana iya cewa shi ɗan kasuwa ne. Dokar ta haɗa da kamfanoni masu zaman kansu da ke yi wa jama'a hidima ko suke amfani da kuɗin gwamnati. Amma maimakon jan igiya, a aika wa NERC irin wasiƙar, tunda kamfanoni suna kai mata rahoton awannin fidoji. A nemi rukunin fida kaza da awannin da ta samu kowace rana daga wata kaza zuwa wata kaza, sannan a jera su kusa da littafinku.

Hukuma na da kwana 7 ta amsa. Tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, amma sai ta sanar a rubuce. In bayanin yana hannun wata hukuma, ita za ta tura mata ta sanar da ku. In ta hana, sai ta faɗi sashen dokar da ta dogara da shi. Abin da aka fi fakewa da shi sirrin kasuwanci ne. Amsar ita ce dokar ta ce a cire abin da ya zama sirri a ba da sauran, kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta buɗe wa jama'a takardun kwangilar tarayya waɗanda ba na sirrin ƙasa ba. Kuɗin da za a caje ku na kwafi ne kawai.

Shiru bayan wa'adi hanawa ne a idon doka, kuma daga nan kwana 30 ne na zuwa kotu. A nan ake yawan faɗuwa: a yi ta tunatarwa ana jiran "ku dawo mako mai zuwa" har kwanakin su ƙare. A aika tunatarwa guda a kwana na takwas, a kuma fara magana da lauya tun lokacin. In kwana 30 sun kuɓuce, mafi sauƙi a sake sabuwar wasiƙa, agogo ya koma farko. A kotu hukumar ce za ta kare dalilin hanawa, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba na da tarar naira 500,000. In takardun sun nuna an biya kuɗi ba a yi aiki ba, wannan kuma na ICPC ne, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya wadda ke bin ayyukan mazaɓu tun 2019, ko hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta jiha in aikin na jiha ne.

In masu sola suka zo

Garuruwan da layi bai kai ba yanzu kamfanonin ƙaramar tashar sola ke zuwar musu, da yawansu da tallafin REA da Bankin Duniya. Kafin dagaci ya ba da fili ko ya sa hannu, a nemi ganin takardar NERC: tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista take yi, wadda ta haura sai da izini. A nemi kwafin yarjejeniyar a ajiye a gari. A tabbata an rubuta kuɗin yunit da yadda ake sauya shi, awannin dare da batir zai ɗauka, shekarun yarjejeniya, wanda zai canja batir in ya mutu, da ko layin zai ɗauki injin niƙa da walda da famfon ban ruwa. Yunit ɗin sola ya fi na rukunin D da E tsada, don haka a auna shi da kuɗin man janareto, ba da bil ɗin NEPA ba. Tallafin kuma bisa yawan gidajen da aka jona ake biyansa, saboda haka gari ya riƙe nasa jerin gidajen da mita ta shiga da gaske.

Ɓangaren mai shi ma yana da nasa alƙaluman. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, na fitar da matsakaicin farashin fetur da gas da kananzir jiha-jiha kowane wata, abin da zai amfani ƙungiyar manoman rani da ke sayen mai a dunƙule. Ƙorafin tauye mudu a gidan mai na NMDPRA ne, hukumar da ke sa ido a kan gidajen mai. 

Duk abin da aka samo, kada ya kwana a wayar mutum ɗaya. A fassara shi a shafi guda da manyan harufa, da boko da ajami in an sami mai rubutawa: sunan fida, rukuni, awannin da aka samu, iyakar yunit ta watan, kuɗin da ya kamata marar mita ya biya. A fara kai wa dagaci, sannan a nemi izinin liman a karanta bayan an sauko daga Juma'a, a liƙa kwafi a shagon mai caji. Kuɗin da kwamitin ya karɓa na mota da fotokwafi shi ma a rubuta shi a ƙasan takardar, da abin da ya rage. Ainihin takardu masu hatimi su zauna a fayil wurin sakatare, hotunansu kuma a wayoyin mutum biyu, a ofis kwafi kawai ake miƙawa.